Wa Zai Biya Wa Yaron Mota Kuɗin Makarantar Tuƙi?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Mararrabar Jos, ya kuma san yadda manyan motoci kan yi sahu a gefen titi, dama da hagu, har wani lokaci su kusa toshe hanyar baki ɗaya. Haka abin yake a Tafa, haka yake a Kwanar Dawaki idan an doshi birnin Kano, balle kuma Potiskum, garin da ya yi suna wajen mallakar tireloli. Mu 'yan boko idan muka iso irin waɗannan wurare, iyakar abin da muka iya shi ne mu ɗaga gilashin mota, mu ja dogon tsaki, mu ce direbobin nan ba su san darajar ran ɗan Adam ba. Da wuya ka ji ɗayanmu ya tsaya ya yi tambaya: shin wannan bawan Allah da ke riƙe da sitiyarin motar da ta ɗauko tan 30 na kaya, wato buhun siminti 600, a ina ya koyi tuƙi? Wa ya koya masa? Sannan ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami a yau: wa ya biya kuɗin koyon?

Magana ce da ta shafe mu, ko mun so ko mun ƙi. A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma a kan dogo aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Tun da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, arzikin Arewa ya koma kan taya. Shanun Potiskum da na Maigatari, hatsin Dawanau, albasar Aliero, tumatirin Kadawa, duk a bayan mota suke isa Legas da Fatakwal, kamar yadda man fetur da taki da sukari ke hauro mana a bayan mota. Wanda ya manta da haka, sai ya tuna da ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a nan gida kuwa manoma suka zauna da kwandunansu babu mai tayawa. Ke nan sana'ar da ƙasa ta dogara da ita haka, bai kamata a ce ba mu san yadda ake shigarta ba.

A da can babu wanda ke zancen kuɗin makaranta a wannan sana'a, domin motar ita ce makarantar. Yaro kan fara ne a matsayin karen mota, sunan da shi kansa ya isa ya nuna irin kallon da al'umma ke yi masa, har marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi waƙa sukutum a kan halin da yake ciki. Uba ko kawu ne zai kama hannunsa ya kai shi tasha, ya danƙa wa wani direba amana, shi ke nan an gama rajista. Daga ranar aikinsa ne wanke mota, da duba ruwa da baƙin mai da asuba, da ɗaure tamfol, da jan igiya, da ɗauko wa maigida abinci. Idan mota ta tsaya a hawa, shi zai diro da gudu ya sa weji a ƙarƙashin taya. Idan taya ta fashe a dajin da babu mai faci, shi ne a ƙarƙashin mota da jak da sifana. Idan dare ya yi, maigida ya nemi masauki, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a gindin mota yana gadin kaya da batir.

Sai ya yi watanni a haka kafin a yarda ya tayar da mota da safe domin injin ya ɗumama. Bayan wani lokaci a bar shi ya riƙa matsar da ita a layin lodi. Ranar da maigida ya gaji a tsakar dare, a miƙaƙƙen titin da babu kowa, sai ya ce da shi ya karɓa, shi kuma ya kishingiɗa da ido ɗaya a buɗe. A haka, sannu a hankali, yaro ke zama direba. Wani ya yi shekara uku, wani biyar, wani ma har ya yi gemu yana jiran ranar da maigida zai kai shi gaban mai mota ya ce, ga yarona, na yarda da hannunsa.

Masu cewa wannan koyo kyauta ne ba su yi lissafi ba. Yaron ya biya, kuma ya biya da tsada, sai dai ba da Naira ba: da ƙuruciyarsa ya biya, da shekarun da ya yi yana aikin ƙarfi babu albashi sai ɗan abin da maigida ya ga dama ya miƙa masa. Amma a faɗi gaskiya, tsarin yana da abin da babu makarantar da za ta iya sayarwa. Wanda ya taso a haka yakan ji ƙarar inji ya gane abin da ke damun mota tun kafin bakanike ya buɗe ta. Ya san kowace kwana da kowane rami tsakanin Kontagora da Mokwa da Jebba. Ya san garin da ake kwana da wanda ba a kwana, ya san yadda ake magana da ɗan kamasho da ma'aikacin shingen hanya. Mafi muhimmanci kuma, ƙofar a buɗe take ga ɗan talaka wanda ubansa ba shi da ko sisi. Da yawa daga cikin alhazan da suka mallaki motoci a Arewa ta wannan ƙofa suka shigo.

To amma yaro ba ya gadon ƙwarewar maigida kaɗai, har da kurakuransa yake gada. Idan maigidan mai sakin mota ne babu giya a gangara domin ya rage shan mai, haka yaronsa zai tashi yana ganin wannan ita ce gwaninta. Idan mai haɗiyar ƙwaya ne domin kada barci ya ɗauke shi, yaron ma ya samu darasi. Akwai kuma ilimin da ido kaɗai ba ya bayarwa, sai an zaunar da mutum an yi masa bayani. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Wanda ya yi ta tattaka shi ba ƙaƙƙautawa a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo zai iya ƙarar da iskar, ko ya sa birkin ya yi zafi har ya daina kamawa, alhali abin da ake so shi ne a sa ƙaramar giya tun daga sama a bar inji ya riƙe motar. Tanka kuwa kayanta ruwa ne, motsi yake yi. Idan aka taka birki man zai turo gaba, idan aka sha kwana da gudu ya karkata gefe ɗaya ya kayar da motar. Direban da ya san dalilin abu ya bambanta da wanda kawai ya ga ana yi. Ga kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: maigida ba ya gaggawar yaye yaron da ke yi masa bauta kyauta, domin ranar da ya yaye shi ya rasa mai sa masa weji.

Yanzu kiɗa ya canza. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shimfiɗa tsarin tantance makarantun tuƙi, kuma a ƙa'ida ba a ba sabon mai nema lasin sai ya zo da shaidar kammala makarantar da hukumar ta amince da ita, sannan jami'an duba motoci na jiha su gwada shi. Lasin ma aji-aji ne: wanda muke riƙe da shi mu masu ƙananan motoci daban, na tirela mai jan bodi kuwa shi ne aji G. Manyan kamfanonin siminti da na mai da na kayan masarufi, waɗanda su ne ke biyan albashi a ƙarshen wata, ba sa ɗaukar direba don wani alhaji ya ce ya yarda da hannunsa. Takarda suke nema, da gwajin ido da na lafiya, wasu har da gwajin ƙwaya. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Abin da ya rage shi ne, an kafa sabuwar ƙofa an sa mata kuɗin shiga, amma ba a ce ga inda ɗan talaka zai samo kuɗin ba.

Kuɗin lasin kansa ba shi ne matsalar ba. A sabon farashin da aka sanar a 2025, na shekara uku Naira 15,000 ne, na shekara biyar kuma Naira 21,000. Koyon ne ke da tsada, kuma tsadar tana da dalili. Mai makarantar koyon ƙaramar mota abin da yake buƙata shi ne tsohuwar mota ɗaya, da shago, da allo. Wanda zai koyar da tuƙin tirela kuwa sai ya ajiye motar miliyoyin Naira wadda da a ce lodi take yi da ta kawo masa kuɗi kowane mako. Sai ya samu fili mai faɗin da za a koyi ja da baya da bodi, wanda shi ne abu mafi wuya a tuƙin tirela, domin inda ka juya sitiyari daban, inda bodin zai nufa daban. Sai ya zuba man dizal, wanda litarsa ta haura Naira 1,000 a shekarar 2024, a cikin motar da ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku da lita guda idan da kaya. Ɗalibi kuwa shi ne mai cinye kuloci da taya. Saboda haka duk makarantar da ta ce za ta koya maka tirela a farashin ƙaramar mota, to a kan allo za ta koya maka. Araha dai ba ta ado.

Na ga yadda wannan lissafi ke faɗowa a kan mutum ɗaya. Wani ɗan 'yar'uwata, mai takardar difloma da ta shekara da shekaru a cikin akwati, ya yi acaɓa har zuwa lokacin da aka hana ta a Kano a 2013, ya koma tuƙa babur mai ƙafa uku na haya, daga bisani ya bi wani direban tirela a matsayin yaron mota. Bayan shekara huɗu ya iya motar sarai, har maigidansa kan bar masa ita daga Kaduna zuwa Kano. Da ya ji wani kamfani na ɗaukar direbobi, sai ya tarar ana neman lasin aji G da shaidar makaranta. Ya zo ya same ni da wata 'yar takarda da ya yi lissafi a kai, ya ce, "Kawu, kuɗin makarantar ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba, abin da zan bar wa iyali ne." Da na duba sai na ga gaskiyarsa. Makarantar ba a garinmu take ba, don haka akwai kuɗin mota, da na ɗaki, da na abinci. Duk ranar da ya yi a aji kuma rana ce da bai bi mota ba, ga mata da 'ya'ya biyu. Idan aka haɗa duka, abin ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sau da dama. Mutumin da ya riga ya biya da shekara huɗu na rayuwarsa, ga shi ana so ya sake biya da tsabar kuɗi domin a shaida abin da ya riga ya iya.

A nan ne kuma ɓaraka ke shigowa. Duk inda aka ce sai da takarda, kuma takardar ta fi ƙarfin mai nema, to kasuwar bayan fage za ta buɗe. Ba boyayyen abu ba ne cewa akwai 'yan kamasho da za ka ba hoto da kuɗi, ka koma gida ka jira, shaidar makaranta ta fito ba tare da ka taɓa zama a aji ba. Ita kanta hukumar ta sha dakatar da makarantun da ta kama da wannan sana'a. Abin tsoron shi ne, wannan hanya ba ta tambayar ko ka iya ko ba ka iya ba. Yaron motar da ya yi shekara huɗu da wanda jiya ya fara taɓa sitiyari, farashinsu ɗaya, takardarsu iri ɗaya. Tsohon tsari, duk da illarsa, yana da mutum guda da zai sa sunansa da mutuncinsa ya ce na yarda da hannun wane. Takardar da aka saya kuwa babu mai tsaya mata. An sayar da biri ke nan an sayi kare.

Har yanzu ba mu warke daga abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Wata uku bayan nan, a Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba ina ɗora wa direbobin waɗannan motoci laifi ba ne. Lalacewar hanya da yawan lodi da talaucin da ke sa jama'a rububin kwasar mai duk suna da kasonsu. Bayan haka ne hukumar da ke kula da harkar rarraba mai ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau. Sai dai an yi maganar girman tanki, an yi maganar ingancin murfi, amma maganar mutumin da ke gaban motar da yadda aka horar da shi ba ta samu ko rabin wannan kulawa ba.

To wa ya kamata ya biya? A ganina amsar farko ita ce wanda ya fi cin moriya, wato mai mota. Wanda ya iya sayen tirela, ya danƙa ta da kayan miliyoyi a hannun mutum guda, bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin horar da wannan mutum ba. Kamfanin Dangote ya kama wannan hanya da ya buɗe makarantar horar da direbobin manyan motoci a Obajana ta Jihar Kogi a 2022, da haɗin gwiwar Hukumar Kiyaye Haɗurra. A 2025 kuma matatar mansa ta sanar da shigo da motoci 4,000 masu amfani da iskar gas domin rarraba mai, lamarin da ya haddasa taƙaddama da ƙungiyar NUPENG a watan Satumba na shekarar a kan 'yancin direbobin na shiga ƙungiya. Ko me mutum zai ce game da wannan rikici, abu ɗaya a fili yake: kowace mota sai da direba, kuma matasan da ke da takarda a hannu su za a fara kira. Idan namu ba su da ita, sana'ar da muka gada tun zamanin gingimari za ta suɓuce mana muna kallo.

Amma horon kamfani yana da nasa tarkon, kuma Amurka ta riga mu ganinsa. A can ma tun daga watan Fabrairun 2022 doka ta wajabta wa sabon direban babbar mota ya bi ta hannun mai horarwa da ke cikin rajistar gwamnati, kuma kuɗin makaranta kan kama daga dala 3,000 zuwa 7,000 ko fiye. Wanda ba shi da su sai ya je wurin kamfanin da zai horar da shi ba tare da ya biya nan take ba, bisa sharaɗin zai yi masa aiki na wani wa'adi, galibi kimanin shekara guda. Idan ya bar aikin kafin lokaci, sai a bi shi bashin kuɗin horon, wani lokaci fiye da abin da aka kashe masa, kuma an sha zuwa kotu a kan haka. Idan wannan na faruwa a ƙasar da direba ke iya karanta abin da ya sa wa hannu, ina ga yaron da za a miƙa wa takarda shafi goma cikin Turancin lauyoyi a ce ya dangwala? Ba na ƙin a ɗaure wanda aka horar da sharaɗin aiki, domin babu ɗan kasuwar da zai yi shuka wani ya girbe. Abin da nake cewa shi ne a rubuta adadin kuɗin horon a fili, a rubuta wa'adin, bashin ya riƙa raguwa da kowane watan da aka yi aiki, a kuma fassara takardar da harshen da yaron ke ji. Kada a riƙe masa lasin ko takardun makaranta a matsayin jingina. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ma ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce take, kuma ba ta wuce shekara biyar; sai dai tashoshinmu ba su taɓa jin labarinta ba.

Sai dai manyan kamfanoni ba su ne suka mallaki yawancin motocin da ke kan hanyoyinmu ba. Alhaji mai mota biyu ko uku ba zai iya buɗe makaranta ba. A nan ne ƙungiyoyi ya kamata su shigo, wato NARTO ta masu motoci, da NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG. Kowa ya san ba a yin lodi a ƙasar nan ba tare da an yanki rasiɗin ƙungiya ba. Da za a ware wani ɗan kaso daga abin da ake karɓa a kowace rana, a ajiye mota biyu da fili a Mararrabar Jos ko Potiskum, a ɗauko tsofaffin direbobin da ƙarfinsu ya ƙare a ba su horon koyarwa, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: yaro ya samu makaranta a inda yake kwana, dattijo kuma ya samu abin yi maimakon zaman benci a tasha yana jiran na goro.

Gwamnati kuwa ba sai ta ƙirƙiro sabuwar hukuma ba, domin waɗanda ake da su ma sun isa. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1986, a tsakiyar Arewa, a kan babbar hanyar da motocin ke bi. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda ke nan tun 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da manyan kamfanoni ke biya domin wannan aiki na horo. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa, mai ba da bashi babu ruwa, har da ɗan kuɗin kashewa na wata-wata, kuma dokar ta ambaci koyon sana'a, ba karatun jami'a kaɗai ba. Ni dai a nawa lissafin, rancen da aka ba mai koyon tuƙin tirela ya fi saurin dawowa a kan wanda aka ba mai karatun digirin da zai fito ya shekara biyar yana yawo da fayil. Karatun watanni ne, aikin kuma yana jira. A 2021 da Ingila ta rasa direbobi har gidajen mai suka ƙafe, aka fito da sojoji suna tuƙa tankoki, gwamnatinsu ba ta tsaya wa'azi ba, kuɗi ta fitar aka horar da mutane kyauta. Mu kuwa gwamnoninmu sun fi son rabon baro da injin markaɗe a filin wasa, saboda sun fi kyau a hoto.

Kuma kafin a kai ga rance, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Me zai hana a bambanta wanda bai taɓa hawa mota ba da wanda ya shekara huɗu a cikinta? Yaron mota ba ya buƙatar a koya masa inda giya take. Abin da yake buƙata shi ne mako biyu ko uku a aji, a koya masa alamomin hanya da dokokinta, da yadda birki ke aiki, da awon lodi, da haɗarin tuƙi cikin gajiya, cikin harshen Hausa idan shi ya fi ji, sannan a yi masa jarrabawa mai tsanani a kan mota ta gaske, maigidansa kuma ya sa hannu a matsayin shaida. Idan aka yi haka kuɗin zai ragu ƙwarai, kasuwar 'yan kamasho ta mutu da kanta, domin babu mai sayen jabu idan na gaske bai fi ƙarfinsa ba. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, su ma suna da abin yi a nan. Malamai sun daɗe suna bayanin cewa ana iya ba mabuƙaci abin da zai kama sana'a ya fita daga sahun masu karɓa, kuma ban ga bambanci tsakanin saya wa tela keken ɗinki da biya wa yaron mota kuɗin lasin ba.

Kafin duk waɗannan su tabbata, mai karatu, ni da kai ne bankin. Duk wanda ke ɗaukar albashi a Arewa ya san cewa a wayarsa irin wannan buƙata ke sauka, daga ƙane ko ɗan ƙanwa ko ɗan maƙwabci. Mun saba biyan kuɗin jarrabawar shiga jami'a sau uku ga yaron da kowa ya san ba zai ci ba, amma idan ya ce tuƙin tirela yake so sai mu ɓata fuska, kamar ya zubar wa gida mutunci. Idan har za ka taimaka, to kada ka tura kuɗi ta waya ka juya baya. Ka sa a binciko ko makarantar na cikin jerin waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da su, kuma ko amincewar ta haɗa da manyan motoci. Ka je da kanka ko ka aika wanda ka yarda da shi ya ga motar da idonsa, ya ga tana tashi, ya ƙirga ɗaliban da ke layi a kanta. A tambayi sa'a nawa yaro zai yi riƙe da sitiyari, a rubuta adadin a jikin rasiɗi, a kuma ji ko kuɗin ya haɗa da na mai da na gwaji da na lasin. Ka biya rabi, sauran rabin sai ranar da ka ga ya ja da baya da bodi ya shigar da ita tsakanin durom biyu bai taɓa ko ɗaya ba. Abin da za ka ware na cefanen iyalinsa kuwa, ka danƙa shi a hannun matar, mako-mako.